Bindigar Lantarki: Madadin Harsashi ce ko Sabon Kulki?

Baba Mai Ritaya: Ina nan kan bakana, Taser, wato bindigar lantarki, rahama ce. Mutum ya taso maka da wuƙa, ko ka ɗirka masa harsashi, ko ka sakar masa wutar daƙiƙa 5 ya faɗi, ya tashi da ransa. Wanne ya fi?

Barista: Baba, Allah ya ja kwana, ba kowa ke tashi ba. A 2017 Reuters ta ƙirga mutum sama da 1,000 da suka mutu a Amurka bayan 'yan sanda sun sakar musu ita.

Baba Mai Ritaya: "Bayan" dai ka ce. Wani ƙwaya ya sha, wani danne shi aka yi.

Anti Nas: Haka ne Baba. To amma me ya sa kamfanin da ke ƙera ta da kansa ya ce a kauce wa ƙirji tun 2009? Ga faɗuwar kuma. Jiki sandarewa yake, mutum ya kife kamar icce, ko hannu ba ya iya tokarawa. Clare Nowland, tsohuwa mai shekara 95 a gidan kula da tsofaffi a Ostareliya, ga ciwon mantuwa, tana jan ƙafa da abin dogarawa, wuƙar cin nama a hannunta. A 2023 aka harba mata, ta buga kai, bayan mako guda ta cika. Kotu ta kama ɗan sandan da laifin kisa ba da gangan ba.

Barista: Nan gizo ke saƙar. An kawo ta don ta rage harbi, sai ta koma maganin mai gardama. Wanda da lallashi za a bi da shi, yanzu wuta ce.

Autan Zaure: Shi ma Dalian Atkinson, tsohon ɗan wasan Aston Villa, a 2016 daƙiƙa 33 aka riƙe masa ita, aka haɗa da shuri a kai, ya rasu.

Barista: Alhali ƙa'idar da ake koyarwa a Amurka ta ce bayan daƙiƙa 15 hatsari na ƙaruwa, a nemi wata dabara.

Baba Mai Ritaya: Tsohuwa, mai ciki, yaro, wanda ke cikin ankwa, duk na sallama, kada a harba musu. A kunna kyamara, a rubuta rahoton kowane harbi. Amma mai gudu fa? In zuba masa ido?

Anti Nas: Ya danganta da abin da ya yi, Baba. Mai gudu a kan kwalta da fuska yake sauka.