Ƙofofin da ke cikin madubin James Webb: yaya ake buɗe su daga nesa?

Malamin Firamare, Agege:
Assalamu alaikum. Wani ɗalibina ya ji cewa a cikin madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, akwai ƙananan ƙofofi kusan 250,000, sai ya tambaye ni amfaninsu, na kasa ba shi amsar da ta gamsar da ni kaina. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ake sarrafa su alhali na'urar tana nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya. Don Allah masana a taimaka.

Injiniya, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Malam. Ƙofofin suna cikin wata na'ura mai suna NIRSpec, wadda aikinta shi ne ta warware hasken infared, wato hasken da ido ba ya gani, ta shimfiɗa shi kamar bakan gizo, domin daga wannan shimfiɗa ake gane sinadaran da ke cikin gungun taurari da kuma nisansa. Matsalar ita ce, idan aka bar hasken duk abin da ke sararin ya shigo a lokaci guda, shimfiɗar wannan za ta hau kan ta wancan, a rasa na kamawa. Saboda haka ake rufe komai, a bar ƙofofin da suka dace da abubuwan da ake son dubawa, kuma ta haka na'urar ke nazarin abubuwa kusan 100 a kallo ɗaya. A wasu manyan madubai na ƙasa, faranti ake hudawa don kowane fili na sama, a canza shi idan an gama, amma a can babu hannun da zai canza faranti.

Cibiyar Goddard ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ce ta ƙera su, a jere huɗu, kowanne da ƙofofi 365 sau 171. Kowace ƙofa tana da faɗin maikiron 100 da tsawon maikiron 200 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), an kuma shafa mata ƙarfe mai jin maganaɗisu. Maganaɗisu yana ratsawa ta gabansu ya ture su duka su buɗe, sai a sa wa waɗanda aka zaɓa wutar lantarki ta riƙe su, sauran kuma su koma su rufe da kansu.

Mai Gyaran Waya, Ikeja:
Yallaɓai Injiniya, ni da nake wuni a kasuwar wayoyi da kwamfuta ta Computer Village da ido a kan madubin ƙara girma, ina bin layin da ya tsinke a allon waya da bakin ƙarfen walda, na san ƙwayar ƙura ɗaya tana iya ɓata aikin yini. Ƙofar da faɗinta ya yi kusa da kaurin gashi, ba ta maƙalewa ne?

Injiniya, Idi-Araba:
Tana maƙalewa, ɗan'uwa, kuma wasu sun maƙale tun kafin a harba madubin. Wadda ta maƙale a rufe da sauƙi, domin an san wurinta, manhajar tsara aiki tana kauce mata. Wadda ta maƙale a buɗe ita ce abin damuwa, saboda tana shigo da hasken da ba a nema ba ya gurɓata na maƙwabta. Ka ƙara da cewa suna aiki cikin sanyin da ya wuce digiri 230 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, inda kayayyaki ke motsewa, kowane irin abu da nasa gwargwado. A ganina nan ne gwanintar masu ƙirar ta fi fitowa.

Malamin Firamare, Agege:
Allah ya ƙara basira. Ajinmu yana da tagogi masu luba, gobe zan rufe su duka in buɗe ɗaya, yaran su ga yadda hasken ke sauka a wuri guda a kan allo.