Yaya zan sa CRM ta riƙa tuna wa masu bashi da kanta?

Dillalin Taki, Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Muna sayar da taki da iri a kan sari. Yawancin masu ɗaukar kaya daga Giwa, Soba da Maƙarfi bashi suke karɓa, su biya bayan kwana 30. Sunayensu na cikin Excel, yanzu mun buɗe Zoho CRM, manhajar ajiye bayanan abokan ciniki. So nake manhajar ta riƙa tuna musu da kanta, ba sai yaron shago ya bi su da kira ɗaya bayan ɗaya ba. Ta ina ake farawa?

Injiniya, Samaru:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ajiye maganar saƙo tukuna, fara da lambobin waya. Excel kan cinye sifilin farko, 0803 ta koma 803, saƙo ya ƙi tafiya. Mayar da kowace lamba +234 da lambobi 10 a bayanta, sannan ka saita gurbin waya ya ƙi karɓar maimaici. In ba haka ba, mutum ɗaya zai shiga sau uku: da sunansa, da laƙabinsa, da sunan shagonsa, kowanne kuma a tura masa nasa saƙon.

Sai ka ƙara gurabe biyu, ranar biya da ragowar bashi. Kowace ƙa'idar aiki, wato umarnin da za ka saita wa manhajar ta riƙa bi da kanta, ƙafa uku gare ta: abin da ke tayar da ita, sharaɗi, da aikin da za ta yi. Ta farko: saura kwana 3 ranar biya, ƙarfe 9 na safe, in ragowar bashi ta wuce sifili, a tura saƙo. Ta biyu: in an wuce da kwana 7, kada a sake saƙo, a buɗe wa yaron shago aikin kira. Wanda ya yi shiru mako guda, murya yake buƙatar ji. Duba agogon manhajar ma, ya kasance na Legas, kada saƙo ya tashi mutane cikin dare.

Hajiya, Tudun Wada:
Ƙari kan na Injiniya. Saƙon tes ɗaya harafi 160 ne, amma da zarar ƙ, ɗ ko ɓ ta shiga, sai ya koma 70. Tunatarwar da ka ɗauka shafi ɗaya ce sai a caje ka kuɗin uku. Rubuta "kudi" da "karshe" babu lanƙwasa, kowa zai gane. Tambayi kamfanin tura saƙon ko yana isa layukan da suka kunna DND, wato toshe saƙonnin talla, ta lambar 2442. In WhatsApp ne, muddin awa 24 ta wuce da saƙon mutum na ƙarshe, sai da samfurin saƙon da Meta, mai WhatsApp, ta amince da shi, kuma biya ake yi.

Dillalin Taki, Sabon Gari:
Na gode. To wanda ya riga ya biya fa?

Akawu, Kwangila:
Nan ne gizo ke saƙar, Alhaji. Manhajar ba ta san an biya ba sai an gaya mata. Mutum ya kawo kuɗi a leda ranar Alhamis, ba a shigar ba, Juma'a da safe ya ga saƙon bashi. Ka rasa abokin ciniki ke nan. Ko dai a kafa doka ba a rufe shago sai an shigar da kuɗin ranar, ko a haɗa manhajar da Paystack, kamfanin karɓar biya ta intanet, duk biyan da ya shiga ya rage bashin nan take. Mai haɗawar ya kula da abu biyu: Paystack da kwabo take lissafi, naira 5,000 za ta zo a 500000, sai an raba da 100, kuma sanarwar biya ɗaya na iya zuwa sau biyu, don haka a riƙa duba lambar shaidar biyan kafin a rage. Gwada da mutum 10 da kuka saba na mako biyu kafin ka kunna wa sauran.