Lambar IP ta salula a kan wifin gida: kowa ya faɗi yadda ya samo tasa

Mai ɗinki, Bukoki, Yamai

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya taimaka mini don Allah. Inna ta yi wata uku kwance, ƙafa ba ta ɗaukarta. Tana ɗakin baya, ni kuma kekena yana zaure, in ya kama ƙara ko kirana ta yi ba na ji. Ɗan yayata ya sa mini wata manhaja a tsohuwar Tecno ɗina mai mai da salula kamara, ya ce in jingine ta bisa taga tana kallon gadon, in buɗe hoton a salular da ke hannuna. Amma sai na rubuta lambar IP ta tsohuwar salular, wato adireshinta a kan wifi. Manhajar tana nuna lambar can ƙasan gilashi, kuma daidai wurin ne ya fashe ya yi baƙi kamar an zubar da tawada. Yaron ya koma Maraɗi. Na tambayi Google, ya ba ni wata lamba mai farawa da 41, na kwafe ta, shiru. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, salulolin biyu lamba guda suka ba ni. Wace ce ta gaskiya?

Mai gyaran salula, Wadata

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Inna lafiya. Google bai yi miki ƙarya ba, sai dai lambar ƙofar gida ya ba ki, wadda intanet ke ganinku da ita daga waje. Duk wanda ke kan wifinku ita za ta fito masa. Wadda kike nema ta cikin gida ce, wadda akwatin wifi ke raba wa kowace na'ura tata.

A tsohuwar salular ki shiga Paramètres, ki shiga Wi-Fi, ki taɓa sunan wifin da take haɗe da shi, ki gangara har ki ga Adresse IP. Lambobi ne kashi huɗu da ɗigo tsakaninsu, kamar 192.168.1.7. A Samsung sai an bi ta Connexions, a taɓa ɗan tayan nan mai haƙora da ke gefen sunan wifin. In an rasa, tana nan kuma a À propos du téléphone, wajen bayanin halin salula.

Ga inda mutane ke faɗuwa, kusan kowane mako ina gani a rumfata. Layukan da ke wurin sun yi kama da juna. Wani ya kwafo Passerelle, wadda yawanci ke ƙarewa da 1, alhali wannan lambar akwatin ce da kansa. Wani ya kwafo doguwar nan mai farawa da fe80 da haruffa a ciki. Wani ya kwafo MAC, wato lambar shaidar da ake gane kowace na'ura da ita. Duk ki bar su.

In baƙin gilashin ya sake rufe miki layin, ki danna maɓallin kunnawa da na rage murya tare, ta ɗauki hoton allon, ki tura wa kanki ta WhatsApp. Gilashi ne ya mutu, salular tana ganin komai, hoton zai fito cikakke. Ki yi wa allon manhajar ma haka, don bayan lambar akwai ɗigo biyu da wata lamba, galibi 8080, kuma in ba ki haɗa da ita ba hoton ba zai buɗe ba.

Ɗalibi, Jami'ar Abdou Moumouni

Yaya, in ƙara a kan na malam. Tun 1996 aka keɓe rukuni uku don amfanin cikin gida kawai: masu farawa da 10, masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168. Ba a yawo da su a intanet, shi ya sa ke da maƙwabciyarki kuna iya samun lamba iri ɗaya babu rikici, kamar ɗaki na 7 da ke kowane gidan haya. Ma'anarsa kuma, hoton zai buɗe ne kawai in salulolin biyu suna kan wifi guda. Ni na taɓa raba dare ina son kwashe darussa daga salula zuwa kwamfuta, lamba daidai, komai daidai, ashe wifin salular a kashe yake, tana kan intanet ɗin sim. Ki duba alamar wifi a sama kafin ki zargi lambar.

Mai shagon hotokopi, Tawa

Allah shi ƙara sauƙi Hajiya. Ni tawa wahalar da iPhone ce. Can Réglages za ka shiga, Wi-Fi, ka taɓa ɗan harahin i da ke cikin da'ira, ga ta nan. Watan Afrilu, ana tsakar zahin nan namu, wani malamin makaranta ya kawo takardun jarabawa, na so in tura wa imfirimanti, injin buga takardu, ta wifi, ta ƙi ganina. Na duba lamba sai na ga 169.254 da wani abu. Ban san mi ke nan ba, na yi ta kashe salula ina kunnawa, mutum na zaune yana jirana da gumi. Sai wani yaro da ke koyon aiki wurina ya ce wagga lamba salula ce ta ba kanta, don akwati bai ba ta ba. Munka taɓa akwatin, ya yi zahi kamar an sauke daga murhu. Munka cire shi minti biyar munka mai da, lamba ta dawo 192.168.8 da sauranta, takardu sunka hito.

Ranar ce kuma na hwara shiga cikin akwatin. Nawa Huawei ne, 192.168.8.1 ake rubutawa. Akwai wurin da ke jera duk na'urorin da ke haɗe, kowace da sunanta da lambarta. In gilashinki ya ƙi gaba ɗaya, daga nan ma kina iya ganin Tecno ɗin. Ni na'ura huɗu gare ni, na iske sha ɗaya. Ranar na sauya kalmar sirri.

Ma'aikaci, Yantala

Gidana bene ne, akwati biyu. Na ƙasa yana ba da 192.168.1, na sama 192.168.0, kuma na yi kwana uku ban gane dalilin da ya sa talabijin ba ta ganin salulata ba. Ki jera lambobin biyu ki duba: kashi ukun farko su zama ɗaya, na ƙarshe kaɗai ya bambanta.

Mai ɗinki, Bukoki

Alhamdu lillahi, dabarar hoton allo ta yi! 192.168.1.12 ce. Da hoton ya buɗe na ga Inna tana laluben butarta, sai da na yi hawaye. Kwana biyu ina ɗinki hankalina kwance. To jiya aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun azahar, da ya dawo na rubuta lambar nan dai, ta ƙi. Na sake dubawa ta koma 15 a ƙarshe. Ni na taɓa wani abu ne?

Mai gyaran salula, Wadata

Ba ki taɓa komai ba Hajiya. Lambar nan aro ce, ba ta salular ba ce. Akwati ke ba da ita na wani lokaci, tsarin da ake kira DHCP, kuma wasu akwatunan in suka mutu suka tashi sai su manta wa suka ba wace, su sake rabo, wanda ya riga haɗuwa ya riga samu. Da yadda kuran ke tafiya yana dawowa lokacin zafi, in ba ki ɗaure ta ba kullum sai kin bi ta.

Hanya biyu ce. Wadda na fi so, a shiga akwatin da lambar Passerelle ɗin nan, sunan shiga da kalmar sirri suna jikin takardar da ke manne a ƙasansa, a nemi wajen DHCP a keɓe wa Tecno lamba guda. Ɗayar a salular ake yi: wajen saitin wifin a sauya DHCP zuwa Statique a rubuta lambar da hannu. In wannan za ki bi, kada ki ɗauki ƙarama irin 12, akwati yana iya ba wani ita su yi karo. Ki tafi can sama, kamar 200, ki bar sauran layukan yadda suke.

Ɗalibi

In ta akwati za a bi, a lura da abu guda. Daga Android 10 da iOS 14 saluloli suna nuna wa wifi lambar MAC ta bogi don kare sirri, kuma da MAC ne akwati ke gane wadda ya keɓe wa lamba. A wifin gida gara a zaɓi MAC ta ainihi kafin a keɓe.

Malamar asibiti mai ritaya, Talaje

Ɗiyata, na karanta duka, kuma kowa lamba yake magana. Ni ɗakin nake tunani. Dattijuwa ce kwance, ana yi mata wanka ana sauya mata zane. Duk wanda ke da kalmar sirrin wifinku, in ya san lambar nan, abin da kike gani shi ma zai gani, kuma kin ji ɗan uwanmu na Tawa baƙi bakwai ya iske a nasa. Ki sa wa manhajar suna da kalmar sirri, ki juya kamarar bango lokacin gyara Inna. Kuma ki gaya mata akwai abin da ke kallonta, ta yarda da bakinta.

Mai ɗinki, Bukoki

Mama, wallahi wannan bai zo mini ba, na gode Allah ya saka. Na sa kalmar sirrin, na sauya ta wifi ma, don ƴan koyon ɗinki uku da suka bar wurina duk suna da ita. Na zauna na nuna wa Inna kanta a cikin salula. Ta daɗe tana kallo, ta gyara ɗankwalinta, ta ce a bar shi, amma da dare a kife. Lambar na mai da ita Statique, 192.168.1.200, na rubuta a takarda na manna jikin keke. Yau kuran ya tafi sau biyu, sau biyun hoton ya dawo da kansa. Mun yi da ita in tana so na, ta ɗaga carbinta sama.