Neman kalma: da me za mu kira "allegory" a sharhin katun ɗin Wolfwalkers?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ana neman kalmar Hausa da za ta zauna a gurbin allegory ta Turanci. Abin da ya kawo maganar shi ne sharhin Wolfwalkers, katun ɗin da kamfanin Cartoon Saloon na ƙasar Ayaland ya fitar a 2020. A sama labarin yara ne: Robyn, 'yar wani mafarauci ɗan Ingila, tana zaune a garin Kilkenny a 1650, sai ta ƙulla ƙawance da Mebh, yarinyar daji wadda kurwarta ke fita ta zama kyarkeci idan ta yi barci. A ƙarƙashi kuwa, masu sharhi sun ce kyarketan nan mutanen Ayaland ne, shugaban da ya ba da umarnin a sare dajin a ƙarar da su kuma mulkin mallakar Ingila ne. Labari irin wannan, me sunansa?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. Ai habaici ne kawai, ko zaurance.

Malamar Adabi: Ɗan Birni, ba su hau ba. Habaici yana da wanda aka nufa, yana wurin yana ji, kuma don a sosa masa rai ake yi. Zaurance kuwa sauya gaɓoɓin kalma ne don na gefe ya kasa ganewa, alhali masu fim ɗin nan so suke a gane. Kada ma wani ya kawo ramzi, domin mawaƙan ajami sun riga sun kama ta wajen ɓoye shekarar da aka yi waƙa cikin haruffa. A ajin adabi muna da alamci, wato a ɗauki abu guda ya wakilci wani, kamar farar tuta da sulhu. Matsalarsa, ya yi wa allegory kaɗan. Allegory ba alama ɗaya ba ce, labarin ne gaba ɗayansa yake tafiya kafaɗa da kafaɗa da wani labarin. Shawarata a ce labarin alamci.

Tsohon Edita: Malama, Allah ya ƙara sani. Ni da na so labari mai harshen damo, don mai karatu ya san shi tun daga gida.

Malamar Adabi: Yana da daɗin ji, ranka ya daɗe, amma harshen damo magana ce da mai ita ya bar wa kansa ƙofar gudu, in an ritsa shi ya ce ba haka yake nufi ba. A nan babu gudu. Ma'anar sama da ta ƙasa duka gaskiya ne a lokaci guda.

Malamin Tarihi: Wannan gaɓar ta ƙarshe ita ce ta sa fim ɗin ya dace da gwaji. Oliver Cromwell, jagoran sojojin Ingila wanda shugaban cikin fim ɗin yake wakilta, ya sauka Dublin da rundunarsa a watan Agusta 1649, ya yi kisan gilla a garin Drogheda a Satumba, Kilkenny ta miƙa wuya a Maris 1650. Dokar da Ingila ta kafa a 1652 ta ƙwace gonakin ɗimbin Katolikan Ayaland, aka tura masu su yamma, yankin Connacht. Kuma hukumar wancan zamani da gaske ta sa lada a kan kowane kyarkeci da aka kashe. Ke nan farautar da yaro yake kallo ta faru, ba ƙirƙira ba ce, sannan ita ce kuma take ɗauke da labarin mutanen da aka raba da ƙasarsu. Har zanen ya bi sahu: cikin gari layuka ne miƙaƙƙu masu kaifi, gidaje a matse, daji kuma an bar shi da lanƙwasassun layukan fensir.

Inda masu sharhi ke zamewa biyu ne. Na farko, a fim ana kiran shugaban Lord Protector, muƙamin da Cromwell bai samu ba sai Disamba 1653, don haka kada a ɗauki fim ɗin a matsayin littafin tarihi. Na biyu ya fi muni: sai ka ga an rubuta cewa fim ne a kan yaƙin neman 'yancin Ayaland. Wancan yaƙin tsakanin 1919 da 1921 aka yi shi, kusan shekara 270 bayan zamanin labarin. Ana iya cewa fim ɗin ya nuna tushen rikicin, amma ba yaƙin ya zana ba.

Mai Fassara: To Malam, ta yaya mai sharhi zai tabbatar labarin alamci ne a gabansa, ba shi ne ya ɗora wa fim abin da ba ya ciki ba?

Malamar Adabi: Ya jera tambaya huɗu: wa ke mulki, wa ake mulka, me ake ƙwacewa, wa ya tsallaka daga wannan ɓangare zuwa wancan. Ya nemi amsar kowace a cikin fim, ya sake neman ta a tarihi. In duka sun yi daidai, kuma dangantakar da ke tsakaninsu ba ta karye ba har ƙarshe, labarin alamci ne. In guda ɗaya ce ta dace, alamci ne kurum, a tsaya a nan. Yawancin rubutun da ke liƙa wa kowane katun na dabbobi wani yaƙi a tambaya ta uku suke faɗuwa.

Malamin Tarihi: A kuma raba shi da fim irin Battle of Surabaya na Indonesiya, na 2015. Shi ma katun ne, jaruminsa Musa yaro ne mai goge takalma da ya zama ɗan aike, amma yaƙin da 'yan Indonesiya suka yi da sojojin Birtaniya a garin Surabaya ranar 10 ga Nuwamba 1945 aka nuna ƙiri-ƙiri, da sunan garin da komai. Wannan katun ɗin tarihi ne, ba ya buƙatar sabuwar kalma.

Tsohon Edita: Na bi ku. A jimla sai a rubuta: Wolfwalkers labarin alamci ne a kan mamayar da Ingila ta yi wa Ayaland. Jam'i, labaran alamci. In aikin mai sharhi ake nufi, a ce ya yi wa fim ɗin karatun alamci. Amma a jarida ko rediyo, karon farko da kalmar ta fito a bi ta da ɗan bayani, domin wanda bai zauna ajin adabi ba zai iya jin alamci ya zaci almara aka ce.