Yaya zan mayar da tsofaffin kaset cikin waya ba tare da sautin ya lalace ba?

Mai tambaya, daga Daura:

Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana kwali guda na kaset, sun kai 60. Yawanci na kalangu ne da taushi, wasu kuma a wurin biki aka ɗauke su da rakoda. Mahaifiyarmu har gobe ba ta zaman yamma sai da su, 'yan uwa na Kano da Maraɗi kuma sun dame ni in tura musu. Wasu sun fara jan murya, ɗaya ma rediyo ya cinye. Ta ina zan fara?

Mai gyaran rediyo, Katsina:

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Ƙanena, kada ka ƙara sa ko ɗaya a wannan rediyon sai an duba shi. Cin zare yawanci ba laifin kaset ba ne, robar nan ce mai matse zaren take yin datti ko ta ƙandare, sai zaren ya nannaɗe a jikinta. Ka sami sifirit da auduga ka goge kan da ke karanta sautin, da ɗan ƙarfen da ke juyawa, da ita robar, ka bari su bushe minti biyar. Jan murya kuwa yawanci bel ɗin cikin rediyon, mai juya kaset, shi ne ya saki. Canza shi ba wani kuɗi ba ne.

Sannan kaset ɗin kansa. Wanda ya shekara 20 a kwali, ya sha zafin bazara da ƙurar hunturu, zarensa kan manne. Ka sa biro a ramin ka juya a hankali daga farko har ƙarshe, ka komo da shi. Ka leƙa tsakiyar bakinsa, akwai ɗan soso da ke tokare zaren. In ya faɗi, sautin zai fito kamar daga cikin tulu, sai a ciro na wani kaset marar amfani a liƙa. Ka kuma ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na samansa, don ko yaro ya danna jan maɓalli ba zai goge komai ba. In zare ya tsinke, a haɗa shi da siririn salatif ta bayansa, ba ta fuskar da ke gogar kan ba.

Mai turin waƙoƙi, Katsina:

Abin da Malam ya faɗa haka yake. Ni kuskuren da nake so ka guje wa shi ne kara waya a bakin sifika. Za ka kwashi kukan akuya da ƙarar babur, kuma zaƙin kalangun ya tafi. Ka nemi igiyar sauti mai kai biyu ta milimita 3.5, ɗaya a ramin iyafis na rediyo, ɗaya a ramin shigar sauti na kwamfuta. Manhajar ɗaukar sauti a kwamfuta mai suna Audacity kyauta ce, ta isa. Kada ka ƙure ƙarar rediyon. Ka duba ma'aunin ƙarfin sauti da ke motsi a manhajar, ya tsaya wajen -6 a inda kiɗa ya fi ƙarfi, don in ya taɓa ja, muryar ta fashe ke nan, ba ta gyaruwa. Kuma da batir za ka yi, ba da wutar NEPA ko janareta ba, su ne ke kawo gurnanin nan a ƙarƙashin waƙa.

Aikin na son haƙuri, domin ba ya sauri. Kaset mai lambar C60 minti 30 ne kowane gefe, mai C90 minti 45. Kaset 60 aƙalla awa 60 ke nan. Ka ajiye uwar, wato ɗaukar farko, a WAV, nau'in fayil da ba ya rage ingancin sauti, minti ɗaya na cin kusan megabait 10. Daga ita ka fitar da MP3 mai ma'aunin inganci 128, wanda ke cin kusan megabait 1 a minti, shi ne na rabawa. A WhatsApp ka tura ta wurin da ake tura takardu, zai isa da sunansa yadda yake. Kada ka amince da memori ɗaya, na jabu sun cika kasuwa: ya nuna giga 32, ka zuba, ka wayi gari rabi ba ya buɗuwa. Ka ajiye a wuri biyu, kuma kada ka zubar da kaset ɗin.

Malamar Hausa, Daura:

Ɗan'uwa, ka fara da na wurin bikin nan. Waƙoƙin Shata da aka buga aka sayar suna hannun dubban mutane, tun daga Musawa inda aka haife shi har nan Daura inda aka binne shi a 1999. Amma wanda wani ya ɗauka da rakodarsa a ƙofar gida ranar ɗaurin aure ko naɗin sarauta, mai yiwuwa naku ne kaɗai ya rage a duniya.

Kuma don Allah kada ka tura waƙa tsirara. A zamanin zaɓi sonka, mutum kan rubuta wasiƙa gidan rediyo ya ce wa yake gai da wa, shi ya sa waƙar ke isa da ma'anarta. Yanzu sai ka ga fayil sunansa lambobi kawai, yaro ya saurari minti ɗaya ya wuce. Ka zauna da Hajiya da littafi, kana kunnawa tana gaya maka: wane makaɗi ne, wa aka yi wa, a wane gari, bikin wa. Inda maroƙi ya jero sunaye da kirari, ka dakata ka tambaye ta su wane ne, domin a nan za ka ji kakanninku. Habaicin da ke ciki ma ita ce ta san wanda aka yi wa. Ka sa wannan a sunan fayil, ka rubuta layi biyu a ƙarƙashi duk lokacin da ka tura.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai guda huɗu da farin abu ya fito a gefen zarensu. Su ma in sa su?

Mai gyaran rediyo:

Fumfuna ce, damina ta taɓa su. Ka ware su daga sauran yau ɗin nan. Ka shanya su a inuwa mai iska, ban da rana. Su za ka ɗauka a ƙarshe, kuma ka goge kan rediyon da sifirit bayan kowane gefe.