Tsaron gida: a cikin ƴan baya za a sa gwani ko a gabansu?

Sani Zariya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Gasar unguwanni ta lokacin hutu ta ƙarato, ga tambaya. Ƙungiya tana da yaro guda da ya fi kowa iya ƙwace ƙwallo da hangen inda za ta faɗa, sauran kuwa daidai gwargwado. Ina ya kamata a aje shi? Cikin ƴan baya na tsakiya, lamba 4 ko 5, ko a gabansu a matsayin lamba 6? Bayanin aiki nake so don Allah, gardamar fada ta ishe mu.

Malam Isuhu Bagalam:
Wa alaikumus salam Sani. A sa shi lamba 6. Ɗan gaba ba ya cin ƙwallo sai an miƙa masa, kuma wadda ke kashe ƴan baya tana fitowa ne daga filin da ke gaban da'irar gola, kamar mita 20 zuwa 30 daga raga. Muddin mai riƙe da ƙwallo a nan ya samu ya ɗaga kai ya duba, ƴan baya sun shiga uku: ɗan gaba yana gudu fuskarsa na kallon raga, su kuwa sai sun juya tukuna. Juyin nan kaɗai ya ba shi taki biyu.

Aikin lamba 6 a bayyane yake. Kada ya yi nisa da ƴan baya fiye da mita 10 zuwa 15. Ya tsaya tsakanin ƙwallo da ɗan gaban abokan hamayya, ya toshe hanyar. Kada ya zube ƙasa don tare ƙwallo, domin in an kauce masa ba kowa a wurin. Ya rage gudu, ya karkata jiki, ya kora mutum gefe. In lamba 2 ko 3, wato ƴan baya na gefe, ya hau gaba, shi ne zai cike gurbin. Abin da ke ɓata yara a wannan wuri shi ne bin ƙwallo duk inda ta je, sai a bar tsakiya wayam.

Ku dubi Chelsea ta kakar 2004/05, ƙwallo 15 kacal aka zura mata a wasa 38, Makelele na zaune a lamba 6 gaban ƴan bayanta na tsakiya, Terry da Carvalho. Leicester ta ɗauki kofin Firimiya na Ingila a 2016 da Morgan da Huth a baya, waɗanda ba su da wani gudun a zo a gani, saboda Kante na share musu gaba. Da Kante ya koma Chelsea, ita ta ɗauki kofin, Leicester ta ƙare ta 12.

Koci Lawali:
Malam Isuhu, maganarka gaskiya ce a kan ciyawa. Mu kuwa a kan yashi muke wasa. A filayen unguwanninmu ƙwallo ba ta gangarawa, ta tsaya cik a rairayi ko ta yi tsalle inda ba a zata ba, shi ya sa ba mai haƙurin haɗa ƴan gajerun ba-ni-in-ba-ka ta tsakiya. Gola ya buga doguwa, ko ɗan baya ya ɗaga ta sama, ta wuce bisa kan lamba 6 yana kallo. To gwaninka ya zama ɗan kallo ke nan. Ni a baya zan sa shi.

Kuma ba don ƙarfinsa kaɗai ba, don bakinsa. Layin baya yana son mutum guda mai ba da umarni. In doguwa ta taso, ɗaya daga cikin ƴan baya biyu na tsakiya ya kira sunansa da ƙarfi ya tashi ya sa kai, ɗayan ya ja baya mita 4 ko 5 a karkace, lamba 2 da 3 su matso ciki. Kada su biyun su tashi kan ƙwallo guda, kada kuma a bari ta taɓa ƙasa, nan ne yashi ke ha'intar mutum. Tazarar da ke tsakanin kowane biyu kada ta wuce mita 8 zuwa 10. In an matsa wa mai ƙwallo ko ya ba mu baya, layi ya hau gaba tare. In ya samu sarari ya ɗaga kai, a ja baya tare. Wanda ya yi jinkiri shi ke buɗe ƙofa.

Sai maganar tarkon satar gida. A wasan da alƙali ɗaya ne ba mataimaka a gefe, a manta da shi, don daga tsakiyar fili ba ya ganin layi. A kuma tuna wa yara cewa ba satar gida a bugun gola daga ƙasa, ko jifa, ko bugun kusurwa. Da yawa suna ɗaga hannu su tsaya, a ci su.

Maroko a gasar duniya ta 2022 ta kai wasan kusa da na ƙarshe ƙwallo ɗaya tak aka ci ta, ita ma ɗan wasanta ne ya ci gida a karawa da Kanada. Ranar da ta kara da Faransa a wasan kusa da na ƙarshen, ƴan bayanta na tsakiya ne suka samu matsala: Aguerd bai samu bugawa ba, Saiss ya fita tun kafin hutun rabin lokaci saboda rauni. Amrabat na nan a lamba 6, amma aka sha 2-0.

Abdu Mokoyo:
Manyanmu duk kun faɗi abin ji. Abin da zan ƙara: kada a cire mutum daga inda ya iya don a toshe wani rami. Da Van Dijk, ɗan bayan Liverpool na tsakiya, ya ji rauni a Oktoban 2020, ƙungiyar ta mai da Fabinho, lamba 6 ɗinta, baya. Ya yi ƙoƙari, amma tsakiya ta rasa mai tare mata, har aka ci su wasa shida a jere a gidansu a farkon 2021. Rami ɗaya ya zama biyu.

Sani, kafin a yanke, a lissafa ƙwallayen da aka ci ƙungiyar a wasa biyar na baya, a kasa su uku: na doguwar ƙwallo, na bugun kusurwa da na tazara, sai na waɗanda aka ratsa ta tsakiya. In kashi biyun farko sun fi yawa, Koci ya yi gaskiya. In na uku ne, a bi Malam Isuhu.

A gwada a atisaye ma. Rabin fili, masu kai hari 6, masu tsaro 5 da gola, wato huɗu a baya da lamba 6. Minti 8 yaron yana baya, hutun minti 2, minti 8 yana gabansu, a yi haka sau biyu. Kada a ƙirga ƙwallon da ta shiga kawai, a ƙirga sau nawa aka samu bugawa daga cikin da'ira.

Sani Zariya:
Na gode ƙwarai. Saura guda: yaron gajere ne, ba ya cin ƙwallon sama sosai. Wannan ya canza lissafi?

Koci Lawali:
Ai da ka faɗi wannan tun farko, Sani. Ya canza. In akwai dogo mai sa kai, a haɗa su: dogon ya tashi, gajeren ya zama mai shara a bayansa. In dogayen biyu ne kuma suna jin magana, to na sallama wa Malam, a sa shi lamba 6, amma da sharaɗi: duk doguwar da aka ɗaga, ya juya da gudu ya tsaya mita 6 zuwa 8 gaban wanda zai sa kai, don a nan ƙwallo ke faɗowa. A bugun kusurwa kuma kada a ba shi dogo ya riƙe, a tsayar da shi bakin da'ira, wajen mita 16 daga raga, ya jira wadda aka kore.