Muhawara: tsohon katin besbol jari ne ko takarda ce kawai?

Ɗan Bronx: Salam ƴan uwa. Na faɗa jiya kuma yau ma ina kan bakana, duk wanda ke zaune a Amurka yana da ƴar rarar kuɗi gara ya sayi tsofaffin katunan ƴan wasan besbol ya adana da ya barsu kwance a banki. A watan Agusta 2022 aka yi gwanjon katin Mickey Mantle, shahararren ɗan wasan ƙungiyar Yankees, na kamfanin Topps na 1952 a gidan gwanjo na Heritage, dala miliyan 12.6 aka saye shi, kuma mai katin dala dubu 50 ya biya a 1991. Wane banki ne zai maka haka? Ni har na fara tara katunan tunawa da Mantle ɗin, akwai ma mai irin hoton na 1952 sak.

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana juya katin ka duba ƙananan rubutun nan na baya, wace shekara ka gani?

Ɗan Bronx: 1996 Kawu. Toh ai shima ya kwana biyu.

Kawu Direba: Toh kaga inda matsalar take. Mantle ya mutu a Agustan 1995, shekarar da ta biyo baya sai Topps suka sake buga tsofaffin katunansa don tunawa dashi suka zuba cikin fakiti aka raba ko'ina a ƙasar, hoton ɗaya ne amma katin ba ɗaya bane, irin naka ƴan daloli ake sayar dashi a eBay. Kuma wlh ba raina maka nake ba, abu ne mai kyau a riƙe idan kana son Yankees, amma kar ka kira shi jari.

Hajiya Mai Shago: Gaskiyar Kawu. Abinda mutane basa ganewa shine ba tsufa ake saye ba, ƙaranci ake saye. Katin 1952 yara aka yiwa shi, da cingam ake haɗawa, su yi wasa dashi su lanƙwasa su maƙala a tayar keke yana ƙara, in sun girma uwa ta share ɗaki ta zubar, babu wanda ya zaci kuɗi ne shi yasa mai lafiya yayi wuya. Ga shi kuma Mantle lamba 311 ne, cikin rukunin ƙarshe da ya fito kakar wasa ta kusa ƙarewa bai yi kasuwa ba, Sy Berger na Topps da bakinsa ya ba da labarin cewa ragowar ta cika musu sito har suka loda a jirgin ruwa aka zubar a teku wajen 1960. Shi ko katin tunawa tun ranar da aka buga shi kowa ya san na ajiya ne, kowa ya saka nasa a leda ya ɓoye. Toh waye zai nema a hannunka ƙanena, alhali kowa na da nasa?

Yaya Injiniya: Ni ban yarda ku rufe yaron nan haka ba. Ku bar batun katinsa na 1996, asalin maganarsa ai tana tsaye, na ainihin suna hawa ko basa hawa? Ku ɗauki katin Honus Wagner na Pittsburgh, wanda American Tobacco suka saka a kwalin sigari tsakanin 1909 da 1911 aka dakatar da buga shi da wuri, waɗanda aka san suna nan yau basu wuce hamsin da wani abu zuwa sittin ba. Wayne Gretzky da Bruce McNall sun sayi guda a 1991 kan dala 451,000, wannan katin dai a 2007 ya kai miliyan 2.8. Wani ya tafi a miliyan 6.6 a 2021, wani kuma 7.25 a 2022. Har wanda yaci duka ya yamutse, da aka bar wa wasu sistocin coci na Baltimore gado, sun sayar dashi sama da dala dubu 260 a 2010. Wannan ba sa'ar mutum ɗaya bace, shekara da shekaru abin yana tafiya sama.

Hajiya Mai Shago: Injiniya cikinmu nan waye ke da kuɗin Wagner? Kana kawo mana katuna sittin cikin tulin da aka buga ba adadi.

Kawu Direba: Kuma na gode da ka ambaci na Gretzky. Shine katin farko da kamfanin PSA mai tantance ingancin katuna ya ba maki, suka bashi 8 cikin 10, akan wannan makin farashinsa ya ginu. Daga baya Bill Mastro, babban dillalin gwanjo, ya amsa a kotu a 2013 cewa shi ya datse gefen katin don ya fito tsaf, an kuma ɗaure shi wata 20 kan maguɗin gwanjo, har da saka mutanen ƙarya suna taya kaya don farashi ya tashi. Yanzu in kati irin wannan ya wuce ta hannun masana da madubin ƙara girma a hannu har ya samu maki 8, mu da muke fita aiki tun asuba mu dawo dare ta yaya zamu gane jabu?

Yaya Injiniya: Amma ko bayan an gano ai kasuwar bata mutu ba Kawu, sai ma ƙaruwa da tayi.

Kawu Direba: Ta manya bata mutu ba. Ta talakawa kuwa ta mutu tun tuni kuma a idona akayi. Ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990 kowa a ƙasar nan ya ɗauka kati jari ne, iyaye na saye kwali kwali suna cewa kuɗin makarantar yara ne, su Topps da Fleer da Donruss da Score da Upper Deck sukai ta bugawa ba ƙaƙƙautawa, sai yajin aikin ƴan wasa na 1994 ya zo mutane suka juya baya. Yau je ka kasuwar ƴan gwanjo ranar Asabar ka gani, kwalin da ba a ma buɗe ba ana neman mai ɗauka. Ko Ken Griffey Jr. na Upper Deck 1989 da kowa ke so, in bai samu maki 10 ba kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Malam Ƙarami: Ni abinda ya dameni daban ne. Sayen kati sananne da ka gani da idonka ka san farashinsa ciniki ne, ba ni da ta cewa. Amma sayen fakiti a rufe da tsada don fatan ko mai daraja zai faɗo maka, ko haɗa kuɗin da ake yi a intanet ana buɗe kwali kai tsaye wani ya samu wani ya tashi a tutar babu, wannan kam ya kamata mutum ya tambayi malamai kafin ya saka kuɗinsa, don kamanninsa da caca a fili yake. Ƴan uwa a gida na jiran abinda zamu tura.

Ɗan Bronx: Malam na ji wannan kuma ni bana sayen na rufe. Amma Hajiya ke da kanki kika ce a 1952 babu wanda ya san zai yi kuɗi. Toh me zai hana na 1996 shima nan da shekara arba'in ya zama haka, in mutane sun gaji sun zubar da nasu?

Hajiya Mai Shago: Ba zasu zubar ba ƙanena, a roba suke a liƙe. Kuma ko ƙarancin da ake taƙama dashi baya da tabbas, a 2012 wasu dangi a garin Defiance na jihar Ohio suna gyaran gidan kakansu suka tsinci katuna kusan 700 na wajen 1910 a saman rufi sababbi fil, har da Ty Cobb da Cy Young da Wagner, dole aka dinga fitar dasu kasuwa kaɗan kaɗan don kar farashi ya zube. Su sun dace, amma wanda ke riƙe da irinsu yana ganin nasa ne mafi kyau a duniya fa?

Yaya Injiniya: Duk da haka ni in ina da dala dubu biyu da bana buƙata zan sayi kati ɗaya na shekarun 1950, Jackie Robinson ko Willie Mays ko Hank Aaron, mai maki ko da 3 ne daga PSA ko takwaransa SGC, in duba lambar jikin robar da suke rufe katin ciki a shafinsu kafin in biya. Ba zan sayi katin tunawa ɗari ba.

Kawu Direba: Wannan da sauƙi, amma ka lissafa kason masu gwanjo da haraji ranar sayarwa, ka kuma tuna waɗanda suka saya da tsada lokacin korona a 2021 da yawansu farashi ya sauko musu.

Ɗan Bronx: Toh Yaya Injiniya turo min yadda ake duba lambar nan. Akwai wani Mays na 1958 da na gani zan je in duba ranar Lahadi, Kawu in kana da hali ka raka ni.